Kuɗin Asibiti, Tsadar Magani da Taimakekeniyar Lafiya a Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ake yawan ji a bencin jiran likita, da layin karɓar magani, da majalisun unguwa idan an dawo daga dubiya. An sa musu lamba domin wata amsar tana jingine da wata. Bayani ne kan tsari da kuɗi, bai maye gurbin ganin likita ba.

1. Ba asibitin gwamnati ba ne? Me ya sa komai sai na biya?

Abin da gwamnati ta fi ɗauka shi ne gini da albashin ma'aikata. Shi ya sa kuɗin kati da ganin likita a asibitin Murtala ko na Nasarawa bai kai na asibitin kuɗi ba. Amma magani, gwaji, hoto, ledar ƙarin ruwa, safar hannu, zaren ɗinki, duk waɗannan akasari kan majinyaci suke faɗawa. Asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala na gwamnatin tarayya ne, su ma suna cajin kuɗi don su sayi kayan aiki su zuba wa injin wuta mai.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita, kuma a daidai ranar da ciwo ya kama. Nan ne matsalar take. Ciwo ba ya jiran ƙarshen wata, kuɗin kuma ana nemansa ne lokacin da mai nema yake kwance. Masana suna ɗaukar abin a matsayin bala'i idan jinya ta cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da gida yake kashewa. A nan kuwa mun san shi da sayar da akuya, jinginar da fili, ko yawo da takardar likita a masallaci bayan sallah.

2. Me ya sa magani ya yi wannan tashin gwauron zabo tun 2023?

Dala ce uwar tafiyar. Kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a ƙasar nan daga waje ake shigo da su, yawanci daga Indiya da Sin. Hatta wanda aka haɗa a Legas ko Ogun, sinadarin da ke cikinsa da dala aka sayo shi. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi: dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a 2024. Kafin nan, ranar 29 ga Mayu, an cire tallafin man fetur, kuɗin ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Kano ya ƙaru.

Sai kuma ficewar manyan kamfanoni. A watan Agustan 2023 GSK ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, ya bar wa dillalai shigo da kayansa. Sanofi ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar. Masu asma da ke amfani da abin shaƙa na Ventolin da waɗanda ake rubuta wa Augmentin su suka fara ji a jikinsu. Amma waɗanda suka fi shan wuya su ne masu ciwon da ba ya ƙarewa: hawan jini, suga, sikila, farfaɗiya. Mai zazzaɓi sau ɗaya zai saya. Mai hawan jini kowane wata. Da yawa sun koma shan rabin ƙwaya, ko su sha sai ranar da kai ya yi nauyi, kuma wannan hanya ce ta zuwa shanyewar ɓarin jiki da wankin ƙoda, waɗanda kuɗinsu ya ninka na ƙwayar nesa ba kusa ba.

3. An ce an cire haraji kan kayan haɗa magani. Ina sauƙin?

Gaskiya ne, a watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya ɗage haraji da kuɗin fito na shekara biyu kan sinadarai da injinan haɗa magani. Sai dai masana'anta ya shafa, kuma haraji ɓangare ɗaya ne kawai na kuɗin da suke kashewa. Wuta, man dizal da ruwan bashin banki suna nan. Ɗan kasuwa kuma ba ya rage farashin kayan da ya sara da tsada sai ya ga sun ƙare. Wanda ke son rage kuɗin magani a yau ya duba tambaya ta 10.

4. Mece ce taimakekeniyar lafiya, kuma mene ne bambancin NHIA da KSCHMA?

Tsari ne da mutane da yawa ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna da lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Ya yi kama da adashi ta fuskar zubi, amma a nan ba kowa ke kwasa ba; wanda bai yi ciwo ba ya ci ribar lafiyarsa, kuɗinsa ya yi wa wani amfani.

NHIA ita ce hukumar inshorar lafiya ta tarayya. A da sunanta NHIS, an kafa ta da doka a 1999, ta fara aiki a 2005, kuma shekara da shekaru ma'aikatan gwamnatin tarayya ne kusan kaɗai suke cin moriyarta. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta sauya mata suna ta kuma wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga inshorar lafiya. Wajibcin dai har yanzu a takarda yake, domin waɗanda ke da rajista a faɗin ƙasar kimanin miliyan 20 ne cikin mutum sama da miliyan 200. KSCHMA kuwa ta jihar Kano ce, dokarta ta 2016 ce. Ita ke kula da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi 44 waɗanda ake cire wa kuɗi daga albashi, tana kuma karɓar 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da suka biya da kansu, sannan ita ke yi wa marasa ƙarfi rajista a ƙarƙashin asusun da aka yi bayani a tambaya ta 8.

5. Shin shiga wannan tsari ya halatta a Musulunci?

Wannan tambaya ta daɗe tana hana mutane yin rajista, kuma ba a banza ake yin ta ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci wadda kamfani ke sayar da alƙawari don neman riba tana da garari, wato rashin tabbas kan abin da mutum ya saya, ba ta halatta ba. A cikin wannan hukunci dai ta halatta wadda aka gina kan taimakon juna, inda abin da mutum ya zuba yake matsayin gudummawa. Malamai sukan kawo hujja da Ash'ariyawa, waɗanda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai, Manzon Allah (SAW) kuma ya yabe su a kan haka.

Tsarin jihar Kano a kan wannan ma'ana ta gudummawa aka ɗora shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, amma ya je da cikakken bayanin yadda asusun yake aiki, kada ya ce masa "inshora" kawai ya tsaya.

6. Ina da mata biyu da 'ya'ya tara. Duka za su shiga?

A tsarin ma'aikata na tarayya, rajista ɗaya tana ɗaukar ma'aikaci, matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wanda ya ƙaru a kan haka sai an biya masa daban. Wanda ya zana wannan ƙa'ida bai yi ta da gidan Bakano a ransa ba, kuma ta sha haddasa ƙananan maganganu tsakanin kishiyoyi kan wadda aka sa sunanta. Idan matarka ma'aikaciya ce, ta yi tata rajistar ta ɗauki wasu yaran, kada ku maimaita sunaye ɗaya. Ga tsarin jiha, tambayi ofishin KSCHMA nawa ake biyan ƙarin mutum a halin yanzu, domin farashi yana sauyawa. Abu ɗaya da za a kiyaye: kai yaro asibiti da katin ɗan'uwansa yana cakuɗa tarihin jinyarsu, har rukunin jini da maganin da jikin ɗaya ba ya so.

7. Ana cire min kuɗi duk wata, amma da na je sai a ce "babu, je ka saya a waje". Ina amfanin?

Wannan shi ne kukan da ya fi yawa, kuma sai an san yadda ake biyan asibiti za a gane tushensa. Ga ƙananan cututtuka, ba a biyan asibiti kan abin da ya yi maka. Ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya zaɓe shi, ko ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya wannan kuɗi ya daɗe a kan naira 750, har sai 2024 da 2025 aka ƙara shi. To ka auna: naira 750 a wata, a lokacin da kwalin maganin kashe ƙwayoyin cuta ya kai dubbai. Asibitin da aka ba wannan kuɗi, ko kuma aka yi masa jinkirin biya, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ce babu. Manyan ayyuka irin su tiyata kuwa sai an nemi lambar izini daga kamfanin inshorar da ke tsakanin asibiti da hukuma, ko daga hukumar kanta, nan ma ake ɓata lokaci.

Akwai kuma jerin magungunan da tsarin ya amince da su. Idan likita ya rubuta wanda ba ya ciki, ko ya rubuta sunan kamfani mai tsada, za a ce ka saya. A tsarin ma'aikatan tarayya ma, ko maganin yana cikin jerin, kai ne za ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa. Don haka idan aka ce babu, ka tambaya: babu shi a jerin ne, ko ya ƙare a famasi? Idan ƙarewa ya yi, ka nemi a rubuta maka, ka ajiye rasit, ka kai ƙorafi teburin inshora na asibitin, in bai yi ba ka wuce hukuma. Kana da damar sauya asibiti ma.

A ganina duk da wannan cikas tsarin ya fi babu, musamman ranar da aka ce tiyatar haihuwa ko kwanciya ta mako biyu. Amma ba yawan katin da aka raba ake auna shi da shi ba. Ma'auninsa shi ne ko mai kati ya fito daga famasi da magani a hannu.

8. Ba ni da albashi, ba ni da abin zubi. Akwai abin da aka tanadar wa irina?

Akwai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Kamar yadda dokar ta tsara, rabi yana tafiya wajen biya wa marasa ƙarfi magani, kashi 45 ga asibitocin sha-ka-tafi don magani da gyara da ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki. Kano na da mazaɓu 484. Waɗanda aka fi ba fifiko su ne masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Guraben ba su kai yawan mabuƙata ba, saboda haka a fara tambaya a asibitin mazaɓa da wajen mai unguwa, a kuma je da lambar NIN.

Bayan wannan, rigakafin yara, gwaji da maganin tarin fuka, da maganin cuta mai karya garkuwar jiki kyauta ne a asibitocin da aka ware. Da damina ana bi gida-gida da maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, amma a asibitocin da ke cikin shirin kaɗai. Mai ciki ta tambaya tun a wajen awo, kada a bari sai naƙuda ta zo. Yawancin waɗannan abubuwa na kyauta da kuɗin ƙasashen waje ake tallafa musu, shi ya sa da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025 sai da gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 200 don cike giɓin.

9. Asibiti na da ikon ƙin taɓa mara lafiya na gaggawa sai an ajiye kuɗi?

A doka, a'a. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana ma'aikaci ko asibiti ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Wata doka ta 2017 ta ce a karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Gurguncin shi ne dokar ba ta zo da isasshen kuɗin da za a mayar wa asibiti ba, kuma taimakon gaggawa bai haɗa da duk jinyar da za ta biyo baya ba. Ƙorafi kan asibitin kuɗi a Kano ana kai shi hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu. Na asibitin jiha kuma Hukumar Kula da Asibitoci.

10. Maganin da ya fi tsada shi ya fi aiki? Ta yaya zan kauce wa jabu?

Ba dole ba ne. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana da kariya ta kusan shekara 20, bayan nan wasu kamfanoni suna iya yin irinsa da sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, a farashi mai rahusa. Ka roƙi likita ya rubuta sunan sinadarin, ka tambayi mai famasi nau'o'in da yake da su. Banda ga wasu magunguna irin na farfaɗiya, waɗanda ba a son a riƙa sauya kamfani ba da sanin likita ba. Famasin asibitin gwamnati da ke karɓar kaya daga DMCSA, hukumar samar da magunguna ta jiha, yakan fi sauƙi, saboda sari ake yi da yawa a juya kuɗin.

Hatsarin yana ga arhar da ta wuce hankali. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan kwalin na da wurin kankarewa, kankare ka tura lambar ta saƙon waya. Ba jabu kaɗai ne matsala ba, magani na gaske ma zafin Kano yana kashe shi idan ya kwana a rana, balle insulin da alluran da ke son sanyi. Wannan na cikin dalilan da aka kafa na tashin masu sarin magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Kanawa da ke Dangwauro a kan titin Zariya, inda a watan Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar masu haɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu a Sabon Gari da kewaye. 'Yan kasuwa sun koka da tsadar shaguna da nisa, kuma kukan nasu yana da ƙamshin gaskiya, domin kuɗin haya a kan mai saye yake ƙarewa. Duk da haka kasuwar da ke ciyar da Arewa da Nijar da Chadi magani ba ta dace da zama inda ba mai iya sa mata ido ba.

11. Kullum ana maganar kashi 15 cikin 100. Mene ne shi, kuma Kano ta cika?

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi, ta fi yawan tsayawa a wajen kashi 5. Kano ta sha kaiwa ko ta zarce 15 a kasafin shekarun baya-bayan nan, tana kuma da asusun KHETFUND na tallafa wa lafiya. Sai dai warewa daban, sakin kuɗi daban. Wanda ke son sanin gaskiya ya nemi rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku, ya duba nawa aka saki. Ya kuma duba me aka yi da shi: sabon gini ya fi daɗin buɗewa a gaban kyamara, amma ungozoma mai kwana a asibitin mazaɓa ita ke hana mace mutuwa da tsakar dare. Ministan lafiya da kansa ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, jihohi kuma suna rasa nasu zuwa asibitocin tarayya inda albashi ya fi.

12. An nemi in sa ɗana cikin binciken wani magani. In yarda?

Ba a Kano za a koya wa mutane tsoron wannan ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a kan yara kusan 200: rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko nakasa. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan kuma ya nemi izini da baki. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003 zuwa 2004, wanda ya sa cutar ta sake bazuwa har wasu ƙasashe.

Amma kowane maganin da muke sha sai da aka gwada shi a kan mutane, kuma gwajin da aka yi a kan yaranmu shi ya fi nuna abin da zai yi musu aiki, kamar binciken sikila da ake yi a asibitocin Kano. Tun 2007 akwai ƙa'idar ƙasa kan ladubban binciken lafiya. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala, haƙƙinka ne a yi maka bayani da Hausa, a faɗa maka wanda ya ɗauki nauyin binciken, da kwamitin da ya amince da shi, da illar da ka iya biyowa baya, da wanda zai biya idan ta faru. A ba ka kwafin takardar ka tafi gida ka yi shawara. Kana iya cewa a'a, ko ka janye daga baya, kuma ba a isa a hana ɗanka maganin da ya cancanta saboda haka ba. Duk mai binciken da ya ce sai yanzu-yanzu, ka rabu da shi.

13. Alƙaluma sun yi yawa, kowa da nasa. Wanne zan gaskata?

Fara da tambayar wa ya biya kuɗin binciken. Rahoton da ƙungiyar masu masana'anta ta fitar zai fi jaddada haraji da dala. Na kamfanin inshora zai nuna yawan masu rajista. Na gwamnati zai ƙirga gine-gine. Ba lallai ƙarya suke yi ba, kowa dai inda ya fi so yake haskawa. Sai ka duba su wa aka tambaya. Binciken da aka yi a kan marasa lafiya 150 a asibitin Malam bai isa a ce "mutanen Kano" ba, domin wanda ya kai asibitin koyarwa ya riga ya bambanta da wanda ya tsaya a kyamis ɗin unguwa ko wajen mai maganin gargajiya. Binciken gida-gida, irin wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 da kuma 2023 zuwa 2024, ya fi kama hoton jiha gaba ɗaya, ko da yake yakan ɗauki lokaci kafin ya fito.

Kula da shekara ma. Duk wani adadi na naira da aka tattara kafin Yunin 2023 ya tsufa, saboda dalilan da ke tambaya ta 2. Kuma idan aka ce kasafin lafiya ya ninka, ka mayar da shi dala ko kwalin magani ka ga ko ya ninka ɗin. Idan kuma aka ce an yi wa mutum dubu kaza rajista, adadin da ya kamata ka nema shi ne nawa daga cikinsu suka je asibiti a shekarar, nawa aka biya wa asibitocin, kuma a wane wata kuɗin ya shiga.